Me Yaran Bakin Kogin Haɗeja Za Su Karanta?

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gujungu ya nufi Haɗeja bayan ɗaukewar ruwan sama, ba sai an gaya masa cewa ya shigo wata ƙasa dabam ba. Jigawar gero da riɗi takan riƙa ja da baya, fadama ta karɓe ta, har ido ya gaji da kallon shinkafa. Nan ga balbelu sun yi fari fat a bayan shanu, can ga masunci kife bisa gora yana bin ruwa kamar wanda ba shi da gaggawa a duniya, ga kuma ƙarar injinan ban ruwa da ba ta yankewa sai duhu ya raba. Kogin da ya kawo wannan arziki haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. Shi ne yake wucewa ta gefen Haɗeja ya bazu a dausayin da ya miƙa har Nguru, kafin ruwansa ya gamu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi.

Sai dai kogin yau ba shi ne na kakanni ba. A da, ruwa kan zo da damina ya malale fadama, ya janye ya bar laka mai albarka, da rani kuma gindin kogi ya bushe. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya zama yana gudana kusan duk shekara, ciyawar kacalla kuwa ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta yadda wani ƙauye yana kukan ambaliya, maƙwabcinsa yana kukan ƙishirwa. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan baki suke kwana, su wayi gari a gonar shinkafa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar gona ba, ba su bar gidan ƙasa ba, kuma a garuruwa da dama azuzuwan makaranta ne suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora.

Na kawo wannan duka ne domin mai karatu ya ga irin duniyar da yaro ɗan shekara 10 yake buɗe ido a cikinta a Auyo, ko Guri, ko Kirikasamma. Ya iya riƙe kwalekwale kafin ya iya riƙe alƙalami. Ya san bambancin tarwaɗa da ƙarfasa tun suna cikin ruwa. Ya yini a kan rumfar gona yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsu, ya kuma ga ranar da mahaifinsa ya tsaya shiru a bakin gonar da ta koma tafki. Yaron da ya ga wannan ba ƙaramin mai karatu ba ne. Abin tambaya shi ne, in ya ƙoƙarta ya iya haɗa baƙi, me muke miƙa masa?

Zumunci ne ya kai ni Haɗeja, kuma ina da al'adar yi wa 'ya'yan 'yan'uwa tsarabar littafi. Saboda haka na shiga kasuwa na tsaya gaban wani dattijo mai sayar da littattafai, na ce ina neman labari na yaran da ke tsakanin aji 4 na firamare da aji 2 na ƙaramar sakandare. Shimfiɗarsa cike take: ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ga littattafan addu'o'i, ga na tambayoyin jarrabawa, ga 'yan littattafan soyayya da rana ta dafa bangonsu. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Alhaji, ai na yara sai Magana Jari Ce. In ba shi ba, sai dai ka jira su girma." Ya ƙara da cewa ko na soyayyar ma yanzu sun koma cikin waya, 'yan mata suna karanta su a WhatsApp.

Maganarsa ta ƙarshe dai kowa ya sani. Ta farkon ce ta dame ni, domin gaskiya ce. An yi aiki sosai a 'yan shekarun nan a kan littattafan koyon karatu na ƙananan azuzuwa, irin su Mu Karanta da aka yi amfani da shi a Bauchi da Sakkwato. A ɗaya ɓangaren kuma, tun daga ƙarshen shekarun 1980 marubutan Kano da kewaye suka cika kasuwa da labaran manya, na so da aure da kishi. Tsakanin waɗannan biyu akwai rami, kuma a cikinsa ne yara 'yan shekara 9 zuwa 13 suke faɗawa. A wannan tsakanin ne yaro yake yanke wa kansa hukunci, ko karatu abin daɗi ne, ko kuwa wahala ce da ake sha domin cin jarrabawa. Wanda ya wuce shekarun nan bai taɓa ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi ba saboda ƙagauta da jin ƙarshen labari, da wuya ya dawo daga baya.

To, me za a ba su? Na Hausa tukuna, ko da yake duk tsofaffi ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, har gobe yana sa yaro dariya, musamman in aka zo kan ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Magana Jari Ce, littafi uku ne, kowane labari ana iya gama shi tsakanin magariba da isha'i. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya dace da yaron da ke son jarumta. Amma wanda nake ganin an fi zalunta da mantuwa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin yaro Kilba da tafiyarsa sararin samaniya. Shi ne kusan kaɗai a cikinsu wanda yaro ne jigon labarin, ba mai sauraro ba. A duba shekarun nan da kyau: mafi sabunta a cikinsu ya haura shekara 50.

Sababbin kuwa da Turanci suke, kuma zan ambaci waɗanda nake ganin yaron bakin kogi zai ga kansa a ciki. Na farko shi ne Sky Hawk na Gill Lewis, wanda ya fito a 2011. Labarin wasu yara ne a ƙasar Sikotilan da suka gano sheƙar wani irin shaho mai kamun kifi, aka ɗaura wa tsuntsuwar na'urar bin sawu, suka riƙa bibiyar ƙaurarta ta kwamfuta har ta sauka Gambiya. Da labarinta ya yanke a can, wata yarinya da ke kwance a asibiti da masuntan garinsu ne suka taimaka aka nemo ta. Akwai rashi a cikin littafin, yaro mai taushin zuciya zai yi hawaye. Amma ɗan Baturiya da ya karanta shi zai gane cewa tsuntsayen da yake gani da sanyin hunturu baƙi ne da suka ƙetaro teku da hamada, kuma akwai wani yaro a wani gefen duniya da ke jiran komawarsu.

Na biyu, A Long Walk to Water na Linda Sue Park, na 2010. Labari biyu ne aka tufka wuri guda, duka a Kudancin Sudan: na Salva, yaron da yaƙi ya raba da iyayensa a 1985, da na Nya, yarinyar da yininta ke ƙarewa a hanyar ɗebo ruwa. Turancinsa mai sauƙi ne, babi-babinsa gajeru. Yarinyar da ta taɓa kwana a aji saboda ruwa ya ci ɗakinsu ba ta bukatar a fassara mata ma'anar gudun hijira.

A cikin na gida Nijeriya, Boom Boom na Jude Idada, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2019, labarin yaro ne da ke fafutukar ceto ƙanwarsa mai ciwon sikila. Ban san unguwar da babu gida mai irin wannan jinya ba a ƙasar Hausa, amma mun fi iya yin shiru a kai, mu bar 'yan'uwan mai ciwon da tambayoyinsu. Sai The Road Does Not End na Olubunmi Familoni, wanda ya ci wannan kyauta a 2024, a kan yaran da ake sa wa aikin neman kuɗi alhali ya kamata suna aji. Ga ƙanana kuma, 'yan shekara 8 ko 9, akwai Too Small Tola na Atinuke, na 2020, gajerun labarai na wata 'yar ƙaramar yarinya da kakarta a Legas. Children of the Quicksands na Efua Traoré, na 2021, shi ma yana da jan hankali: an kai Simi hutu ƙauyen kakarta inda babu waya babu intanet, ga kuma wani tafki da aka hana kowa zuwa. Sai dai an gina shi ne a kan al'adun gargajiya na Yarabawa da abubuwan bautarsu, saboda haka ya kyautu uba ko uwa su fara dubawa, su kuma zauna da yaro su tattauna. Ban ce a hana ba. Mu ma da aljanun Ruwan Bagaja muka tashi, ba su kuma raba mu da sallah ba.

Zan saka wani tsoho a cikin sababbi, domin ba na iya maganar kogi in tsallake shi: Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966. Yaro ne a Onica wanda duk burinsa ya sami kuɗin jirgi ya haye kogin Kwara zuwa Asaba. Wani ɗan ɗan'uwana da na karanta wa shi ya tsayar da ni a tsakiya ya ce, "Baba, shi bai iya iyo ba ne?" Ka ji ɗan Haɗeja.

Ba zan ɓoye wa mai karatu matsalar wannan jerin ba. Yawancinsu sai a manyan kantunan Abuja ko Legas, wasu ma sai an yi odarsu daga waje, kuɗin guda kuwa zai iya ciyar da gida kwana biyu. Ko an samu, yara nawa ne a makarantun ƙauye Turancinsu ya kai su karanta littafi mai shafi 150 don nishaɗi? Shawarar da ba ta kai ga mai bukata ba, ado ce kawai. Abin da zai yi amfani shi ne a nemi izinin masu haƙƙin mallaka a mayar da uku ko huɗu daga ciki Hausa, a buga su a takarda mai araha, a zuba a makarantu. Jami'ar Sule Lamiɗo tana nan Kafin Hausa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Haɗeja, kuma aikin fassara irin wannan bai fi ƙarfin malamai da ɗalibanta ba.

Wanda ya fi fassara kuwa shi ne a rubuta namu. Gasa guda ta 1933 ta haifar da littattafan da muke taƙama da su kusan shekara 90. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta fito da mata marubuta da ba a san da su ba. Kyautar NLNG kan waiwayi adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, da dala 100,000, amma da Turanci ake shiga. Da gwamnatin Jigawa, ko masarauta, ko wani attajirin shinkafa zai sa kyautar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, a ce a rubuta wa ɗan shekara 11 labari da Hausa, marubutan da ke tura babi-babi ta waya kowane dare za su amsa kira.

Kayan aikin kuma a zube suke a wannan ƙasa. Ga Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya kuma rasu a yaƙin Gogaram a 1863. Ga ranar 25 ga Afrilu, 1906, da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka kashe shi tare da jarumansa a cikin birni. A ba mu wannan yini ta bakin yaron da ke yanko wa dawakin fada ciyawa. Ga harshen Auyokawa da ya mutu ba a bar mai jinsa ba. Yarinyar da ta tsinci wasu baƙin kalmomi a waƙar daka ta kakarta, ta shiga neman ma'anarsu, ai littafi ne sukutum. Ga kasuwar kifi, har da ta busassun kwaɗi da ake lodi zuwa kudu, wadda baƙo kan riƙe baki in ya gani. Ga rikicin manomi da makiyayi a kan fadama, wanda yaran ɓangarorin biyu suke zama a benci ɗaya a makaranta.

Ga malamin da ya sami Sky Hawk ko da kwafi ɗaya ne, ga yadda nake ganin zai fi cin moriyarsa. Ya riƙa karanta wa aji babi guda a ƙarshen kowane yini, yana mayar musu da Hausa inda ya yi tsauri, ya daidaita lokaci ta yadda za a gama a cikin hunturu. Sannan a nemi mota a kai su dausayin Baturiya, wanda aka sa a jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar a 2008. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ne baƙin tsuntsaye suka fi yawa, kuma sai an yi sammako, domin da rana ta ɗaga sukan watse neman abinci. A ba kowane yaro takarda da fensir, ya rubuta sunan duk tsuntsun da ya sani, ɗinya ce ko zalɓe ko kirinjijiya, wanda bai sani ba kuma ya tambayi masuntan wurin.