Abin da Ƙaura Ta Koya Mini

Ya ku 'yan'uwana almajirai, da ku malamanmu, ina roƙonku ku saurara kaɗan in ba ku labarin wata wauta da na yi. Ban so in tona kaina ba, amma na tuna yawancinmu nan gaba kaɗan za a rarraba mu garuruwa, kowa ya nemi ɗakin da zai sa kansa. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ni mutumin birnin Zazzau ne. A gidan gado aka haife ni, nan aka yi mini aure, nan kuma Allah ya ba mu 'ya'ya biyu. Na yi shekara shida ina koyarwa a makarantar firamare kafin in sami shiga wannan kwaleji don ƙarin ilmi. A ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, har na ga abin da ni ke kashewa wajen zuwa da komowa ya kusa cinye albashina. Saboda haka na kama hayar ɗaki biyu da falo kusa da makaranta, muka sa ranar tashi cikin watan Agusta, tsakiyar damina ke nan.

Kun sani a al'adarmu iyayen amarya su ke yin kayan ɗaki. Gado, da kabad, da kwanonin jere duka na mace ne, namiji kuwa sau da yawa ba shi da kome sai tabarma da akwatin tufafinsa. Da muka fitar da kaya tsakar gida, sai na ga gadon uwargida ya koɗe, ga wani tsohon adudu na kakarta, ga kuma wani tebur baƙi ƙirin, na maɗaci, wanda mahaifina ya yi aiki a kansa tun ba a haife ni ba. Sai kunya ta kama ni. Na ce a raina, yaya malami kamata zai sauke wannan tarkace gaban sababbin maƙwabta, alhali rabinsu abokan karatuna ne?

Na ce da uwargida mu sayar da gadon mu cika mu sayi sabo. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, in ka ce a bar shi nan gida, sai a bari. Amma sayarwa kam ka yi haƙuri, gama guminsu Baba ne." Na rasa ta cewa, domin na sani dukiyar mace tata ce, shari'a ba ta ba miji ikon taɓa ta ba sai da yardarta. Da na je sallama wurin mahaifina, ya ce in tafi da teburin. Na ce, "Baba, ai can akwai na zamani." Ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai ƙara ko kalma guda ba.

Kashegari na tafi wani layin kafintoci. Na tarad da kujerun zama jere bakin hanya, an lulluɓe su da yadi mai sheƙi, ga wani tebur yana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Mai kayan ya tarye ni da fara'a, yana ta "Ranka ya daɗe, Malam," ya ce irin wannan sai gidan manya. Nan take kaina ya kumbura. Ban tambayi ko wane itace ne ba, ban kifa kujera na dubi ƙarƙashinta ba, ban ma zauna na daɗe a kanta ba. Muka yi ciniki a kan abin da ya kai albashina na wata uku. Rabin kuɗin na biya daga abin da na tara don kuɗin makaranta na zango mai zuwa, saura kuwa aka bi ni bashi. Na ce da zuciyata, bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Wahala ta fari ta same ni tun a bakin ƙofa. Babbar kujerar nan ta mutum uku ta ƙi shiga falo. Muka juya ta tsaye, muka juya ta kwance, muka karkata ta, a banza. Ga hadari ya taso, ga yaran unguwa sun taru suna kallo. Dole sai da aka ɓamɓare ƙyauren da katakon da ke riƙe da shi, siminti ya farfashe, mai gidan haya ya zo ya yi faɗa, na biya magini ya gyara. Da a ce na ɗauki ko igiya ce na auna faɗin ƙofar tun farko, da duk wannan bai faru ba.

Duk da haka na yi wata uku ina jin daɗi. Kowa ya shigo sai ya yaba, ni kuwa ina ta hura hanci. Sai hunturu ya shigo. Wata rana da dare cikin Disamba muna barci, muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga, har ƙaramin yaron ya farka yana kuka. Na haska fitila, sai ga saman teburin ya tsage tun daga wannan gefe har wancan, har yatsa ya iya shiga. Kafin mako biyu ƙafafun kujeru suka soma rawa, kowace safiya kuma uwargida ta kan share wani gari mai laushi a ƙarƙashinsu. Na koma wurin mai kayan, ya ce shi lafiya lau ya ba ni abinsa, sauran kuɗinsa ya ke jira.

Akwai wani dattijo kafinta kusa da masallacin unguwarmu. Na kira shi ya duba. Ya kifa kujera, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce ya karce, sa'an nan ya ce, "Ɗana, da ɗanyen katako aka yi maka aiki." Ya bayyana mini cewa itace sabon sara cike ya ke da ruwa, kuma da damina ba ya sakin ruwan nan, gama iska ma jiƙe ta ke. In hunturu ya zo iska ta bushe, sai katakon ya tsotse, kuma ta faɗi ya ke tsukewa, ba ta tsawo ba. To, in an riga an danne shi da ƙusa ba shi da wurin motsi, sai ya tsage. Shi ya sa kafintan kirki ya kan jera katako a inuwa, ya sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi watanni kafin ya sa masa zarto. Garin nan kuwa da a ke sharewa, aikin ƙwaro ne mai cin farin gefen itace, inda ba ƙwari. Bayan kujerun ma ba katako ba ne, garin zarto ne aka matse da gam, wanda in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje.

Na ce, "Baba, to, wane itace ne na kirki?" Ya lissafa mini maɗaci, da kawo, da madobiya, da loko wanda a ke kawowa daga kudu. Ya ce kirya ta fi su tauri, gara ba ta iya mata, shi ya sa a ke sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma su ke son gawayinta. Malaina kuwa, wadda asalinta daga ƙasashen Asiya ne, ba ta da nauyi, tana da sauƙin kuɗi, ba ta da laifi in ta bushe sarai. Ya ce itatuwan kirki sun yi wuya yanzu. Gaskiya ya faɗa, gama an sare madobiya da yawa a ƙasar nan ana kai ta Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fita da su sai da izini.

Ana cikin haka lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi, ga mai bashi yana aiko yaronsa kowace Jumma'a. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba, gama na ga zangon karatu zai kuɓuce mini saboda kujera. Ran na huɗu da asuba uwargida ta ajiye wani ƙulli gabana. Ashe kwasar adashinta ce, wadda ta yi wata goma tana zubi da kuɗin ƙosan da ta ke soyawa, da niyyar sayen keken ɗinki. Ta ce, "Malam, je ka biya. Keke ya jira, karatu ba ya jira." Ba ta yi mini gori ba ko kaɗan, wannan kuwa ya fi mini zafi bisa ga faɗa. Na karɓa a kan rance ne, sai da na shekara kafin in gama biyanta.

Da aka yi hutu na tafi gida, na durƙusa gaban mahaifina, na ce, "Baba, teburin nan fa?" Ya ce, "Yana nan inda ka bar shi, na san za ka komo." Da dattijon kafinta ya gan shi, sai ya shafa shi, ya nuna mini yadda aka fafe rami a ƙafa aka cusa harshen katako ciki, aka soke da turken itace, babu ƙusa ko guda. Lalle da tsohuwar zuma a ke magani.

Ƙaura ba abin kunya ba ce, tsohon kaya ma haka. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta sake tashi zuwa Zariya a 1949, tsohon gininta na ƙasa kuwa yana nan tsaye a Katsina. Ba a tuna ta da irin kujerun da aka zauna a kai, sai da mutanen da ta yaye.

Saboda haka, ya ɗan'uwana, in an tura ka wani gari, shawarata ke nan. Ka auna ƙofa da ɗaki kafin ka tafi kasuwa. Ka shiga da abin da ka ke da shi, ka zauna wata guda, sa'an nan ka ga abin da ka rasa da gaske. Ka sayi kayan katako da rani, bayan hunturu ya gwada su. Ka tafi da wanda ya san itace, ka kifa kujera ka dubi cikinta, kada ka yi wa rogo kallon kitse. Kuɗin da ka ajiye don wata lalura kuwa, kada ka taɓa shi domin idon maƙwabta, gama ran da mai bashi ya zo ba za ka gan su ba.

A kan teburin nan na maɗaci na rubuta muku wannan. Allah ya kiyashe mu da kwaɗayi, ya saka wa iyayenmu da iyalanmu da alheri, amin.