Yayana Bai Kai Ga Takobi Ba

Yayana ya fara kayar da tsaransa a dandalin Baudeta tun bai cika sha biyar ba. Bayan kaka, in an gama ɗaure dammunan hatsi, makaɗa su kafa ganga, ƙura ta shiga har cikin haƙora, ni kuwa ina gefe riƙe da rigarsa, gabana na faɗuwa duk sanda ya duƙa ya miƙa hannu. Tsofaffi kan ce ƙirjinsa irin na Kantu ne, Yakuba Kantu na Maraɗi da ya ci takobin farko na gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975.

A lokacin na ɗauka ƙarfi kaɗai ke kai mutum ga takobi. Ban san tsawon hanyar ba: sai ka fita a gundumar Tasawa, sannan ka kutsa cikin goman da jihar Maraɗi ke turawa, cikin tamanin na ƙasa baki ɗaya. Kuma babu rabon nauyi, ɗan sha takwas zai iya faɗawa hannun ƙaton da ya shekara goma yana cin nama da kuɗin masu gidansa. Namu ba shi da mai gida. Furar inna ce abincinsa, layunsa ma baba ya sayar da akuya aka yi su.

Sai fari da fāra suka cinye daminar 2004. A 2005 rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara, muka koma jiƙa anza. Na ga walkinsa yana zamewa daga ƙugunsa, ya ƙara ɗaurewa, ya shiga fili a haka. Daren nan aka murɗe masa gwiwa. Har yau ina jin ƙarar. Maɗori ya ɗaure ta da kara da tsumma, kuɗin asibitin Tasawa babu.

Da ya fara takawa, baba ya kira shi zaure.

"Kai ne babba. Kokowa ba ta cika rumbu."

"To, Baba," ya ce, kansa a ƙasa.

Ya tafi ci-rani Kano, tura kurar ruwa da ƙafar nan mai ciwo. Na yi fushi da baba, fushin yaro, ban ƙirga bakunan da yake ciyarwa ba. Abokan karawarsa su ma haka suka watse: wani aure ya riƙe shi a gona, wasu Libiya, wasu daga baya haƙar zinariya a Jado. Cikinsu babu wanda ya taka filin Maraɗi da ke ɗauke da sunan Kantu.