Abin da Na Gani a Kurfi da Dutsin-Ma

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ɗan sam mini fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa Kurfi da Dutsin-Ma a cikin kakar da ta wuce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa ba zan faɗi kome ba sai abin da idona ya gani, ko wanda na ji daga bakin masu shi.

Ga dalilin tafiyar. Ina da wani aboki Kirista, Bahaushe, asalin iyayensa daga ƙasar Malumfashi, wanda muka koyar a makaranta ɗaya shekaru masu yawa. Ba a taɓa yin suna a gidana ba ya zo ba, da mahaifina ya rasu kuwa kwana uku ya yi muna zaman makoki tare. To, da damina sai ɓarayin daji suka kama babban ɗansa a gona yana noma. Sai da ya sayar da shanun huɗarsa da rabin gonarsa, dangi da mutanen cocinsu suka cika masa, kana aka sako yaron bayan wata biyu. Da aka yi girbi sai ya aiko mini cewa ran Lahadi za su yi godiyar kaka, shi da iyalinsa za su tsaya gaban jama'a su gode wa Allah, yana so in zo. Na daɗe ina wasiwasi, don ni Musulmi ne, ban kuwa taɓa kusantar wurin sujadarsu ba. Daga bisani na ce wa raina, mutumin da ya zauna maka makoki ba ka ƙi zuwa masa barka. Addinina yana nan a zuciyata, zumunci zan je yi.

Ran Asabar da hantsi na shiga mota a Katsina, muka bi ta Batagarawa muka nufi kudu. Tsakanin Katsina da Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne, Kurfi tana kan hanya. Dawa ta nuna, an kakkafa bukkokin gero a gonakin bakin titi, amma wani fasinja ya ce mini gonakin da ke can ciki da yawa an bar su sun zama saura, don masu su ba su iya zuwa.

Na sauka a Kurfi, garin Maraɗin Katsina. Yamma da ita akwai ƙasar Safana da Batsari da dajin Rugu, inda masifar nan ta fi fitowa. Mutanen ƙasar ba su manta da 2019 ba, sa'ad da aka shiga Wurma da dare aka kwashi mutane. Ba su kuma manta da watan Satumba na 2021 ba, da aka yanke layin wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Kurfi da Dutsin-Ma, mutum ya rasa yadda zai ji lafiyar ɗan'uwansa sai ya yi tattaki. Abin da ya tsai da ni a nan shi ne abokina ya roƙe ni in taho masa da wani manomi Musulmi, wanda aka ɗaure da sarƙa ɗaya da ɗansa a daji. A cikin mota ya ba ni labarinsu. Ya ce in lokacin salla ya yi sai yaron ya miƙe tare da shi, don sarƙar ba ta barin ɗaya ya tashi ɗaya na zaune, in ya yi sujada yaron ya durƙusa. Shi kuma in yaron ya sunkuyar da kai yana addu'arsa sai ya yi shiru har ya gama. Ɗan tuwon da akan jefa musu sau ɗaya a yini, tsakiya suke raba shi.

Da la'asar muka isa Dutsin-Ma, garin 'Yanɗakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. Duwatsu na tsaye a kan garin kamar masu gadi. Gari ne na baƙi, saboda Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da madatsar ruwa ta Zoɓe da aka gama a 1983. Saboda haka Kiristocin garin iri biyu ne: akwai ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa daga nesa, akwai kuma Hausawa 'yan ƙasa irin abokina.

Wataƙila wani mai karatu ya yi mamakin jin Bahaushe Kirista, to, abin ba na yau ba ne. Mishan ɗin da ake kira S.I.M. ya soma a 1893, ya kuma sami shiga ƙasar Katsina ta hanyar jiyyar kutare a Babbar Ruga, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. A 1954 ikilisiyoyin wannan mishan suka zama ECWA. Da yawa daga Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur suka karɓi addinin, har a 2023 aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na Katolika a Katsina.

Da gari ya waye muka tafi. Na ce wa abokina, "Malam, ni dai a waje zan zauna." Ya ce, "Malam, zuwanka ma ya isa." Aka aje mana benci, ni da mutumin Kurfi, a inuwar dalbejiya daura da taga, muna ji muna gani. Samari biyu na bakin ƙofa suna duba mai shiga. Wani dattijo ya gaya mini a lokacin da abin ya tsananta sun bar taron dare, suka riƙa taƙaita sujada don mutanen ƙauye su koma da rana tsaka, amma ba su taɓa rufe ƙofa ran Lahadi ba, ko da mutum goma ne suka zo.

Aka fara da waƙa, da Hausa tsantsa. Matan Zumunta, duk da zane iri ɗaya, suna kaɗa tulu da ganga da caki. Sa'an nan aka yi addu'a, na kuwa kasa kunne ƙwarai, don ina so in ji abin da suke roƙo in ba su san akwai baƙo ba. Suka yi wa Sarki addu'a, da Gwamna, da hakimai, da sojoji da 'yan sanda. Suka ambaci waɗanda ke hannun ɓarayi, Kirista da Musulmi, ƙauye ƙauye. Har su ɓarayin ma an roƙa musu shiriya, na ji amin ɗin wannan ta yi wa waɗansu nauyi a baki, amma sun faɗa.

Fasto ya yi wa'azi a kan Ayuba, wanda mu ma muka sani da haƙuri. Ya ce abokan Ayuba sun kyauta da suka zo suka zauna tare da shi ba su ce kome ba, sun ɓata ne da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa. Saboda haka, in ji shi, kada kowa ya ce wa wanda aka kama ko aka kashe wa miji zunubinsa ne ya ja masa. A je a zauna da shi, a kai masa hatsi, a taya shi noma.

Daga nan aka shiga kawo baiko. Wannan da damin dawa, wannan da kwanon wake, waccan da kaza ko tasar gyaɗa. Wata tsohuwa da aka kore su daga ƙauyensu, ba ta da ko taki ɗaya na gona, ta zo da 'yar ƙwaryar kuɓewa busasshiya tana rawa. Aka sanar cewa za a ware kashi a raba wa gwauraye da waɗanda ba su sami yin noma ba. Da aka kira abokina, ya fito da matarsa da yaron, ya buɗe baki sai kuka ya ci ƙarfinsa. Ba wanda ya hanzarta shi. Mata suka ɗauki waƙa a hankali har ya natsu, kana ya ce ba shi da sa, ba shi da rabin gona, amma ga ɗansa. Yaron kuwa ya nuna taga ya ce ga wanda suka sha sarƙa tare. Jama'a duk suka juyo, mutumin Kurfi ya rufe fuska da hannun riga.

Da aka tashi, azahar ta yi. Matar abokina ta kawo mana buta da tabarma, ta nuna mana gabas, muka yi salla a zaurensu.

Jama'a, ga abin da na koyo. Da ina zaton sa zuciya abu ne da mutum ke riƙewa shi kaɗai a ƙirjinsa. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran da abokina ya kasa addu'a, waɗansu suka yi masa, ran da rumbunsa ya ƙare, waɗansu suka auna masa. Mu ma abin da jam'i da zakka suke koya mana ke nan. Masifar nan kuwa ba ta tambayar addini. A watan Mayu na 2022 an sace limaman Katolika biyu a Gidan Mai Kambu ta ƙasar Kafur, a watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Saboda haka ina roƙon malamai da limamai da fastoci, in an tara taimakon 'yan gudun hijira kada a tambayi mutum inda yake ibada. Ina kuma roƙon hukuma ta dubi hanyoyin gonakin da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana tun kafin ruwa ya sauka, don tsohuwar nan ta sami komawa gonarta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Katsina.