Furfurar Kyandir

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Mun yi shekaru muna karantar da wannan karin magana a aji, muna feɗe shi gaɓa-gaɓa, amma ba mu ɗanɗani ɗacinsa ba sai wata asubahi ta watan Disamba na 1444 Hijiriyya, wato 2022, a ɗakin ajiyar gidanmu da ke Yelwa cikin garin Bauchi. A ranar ne muka tsaya a kan kyandir sittin waɗanda suka kwanta lafiya lau, suka wayi gari da furfura.

Ya kyautu mu fara bayyana wa mai karatu yadda aka yi malamin adabi ya tsunduma cikin harkar kyandir. Yajin aikin malaman jami'o'i na wannan shekara ya soma ne ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai ran 14 ga Oktoba. Wata takwas ke nan cur babu aji, babu albashi. A cikin wannan hali, sana'ar mai ɗakinmu ta haɗa turaren wuta da humra ita ta riƙe tukunyar gida. Ganin amare sun fara sha'awar kyandir mai ƙamshi, irin wanda ake zubawa a kofin gilashi, sai ta yi odar kakin waken suya daga Legas ta shiga koyo. Mu kuwa da hannunmu bai saba da komai ba sai alli da jan biro, aka ɗora mana aikin wanke kofuna da tsayar da lagwani.

Wannan kaki ba tsohon abu ba ne. A farkon shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Michael Richards ya samar da shi, yana neman abin da zai maye gurbin kakin zuma cikin rahusa. Asalinsa man waken suya ne, waken nan da matanmu ke yin awara da shi, sai a haɗa shi da iskar haidurojin a masana'anta har ya daskare. Kyandir ɗin da muka saba saye a Kasuwar Wunti kuwa na farafin ne, wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Bambancin asalin nan shi ne tushen labarinmu.

Wata Hajiya ce za ta aurar da 'yarta, ta ba da aikin kyandir sittin don rabawa ƙawayen amarya, rabi farare, rabi ja. Ta biya rabin kuɗi, kuma tuni kuɗin ya tafi makarantar yara. Muka narka, muka zuba da daddare, muka jera kofunan a kan siminti kusa da taga don su yi saurin sha iska. Da asuba sai muka ji mai ɗakinmu na cewa, “Malam, zo ka ga ikon Allah.” Saman kowane kyandir ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa garin rogo, jikin gilashin kuma ga zane-zane kamar sawun gishiri a bakin tafki. Jajayen sun fi muni. Ƙaramar 'yarmu ta leƙa ta ce kyandir sun tsufa, sun yi furfura, sunan da ya bi abin ke nan a gidanmu har yau. Saura kwana huɗu biki.

Zatonmu na farko shi ne an cuce mu da gurɓataccen kaki. Da hantsi muka naɗe kofi ɗaya a takarda muka nufi gidan wani abokinmu, malamin kimiyyar sinadarai. Ya jujjuya shi a hannu, ya yi murmushi, ya ce, “Dakta, kayanku ba su lalace ba. Barci suka yi, aka tashe su a firgice.” Ya tuna mana yadda man ja ke barci a kwalba da hunturu. Ya ce kowane kitse idan zai daskare sai ƙwayoyinsa sun jeru, kuma kitsen tsiro yana da hanyar jeruwa fiye da ɗaya. Idan ya huce a hankali, bai ɗaya, sai jeren ya zo daidai, fuska ta yi sumul. Idan kuwa sanyi ya buge shi ta wani gefe, ko ya yi ta shiga zafi yana fita, sai wasu ƙwayoyin su sake tsari, su taru su fito fili farare. Abin da ke samun cakulan ke nan idan ya narke a aljihu ya sake daskarewa. Ba ya hana kyandir ci, ba ya rage masa ƙamshi. Ido kawai yake ɓata wa rai.

Nan take muka gane laifin namu ne da na hunturu. Duk mazaunin Bauchi ya san yadda Disamba take: da rana zafi ya kai kimanin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, da tsakar dare ya faɗo ƙasa da 15, ga iska mai bushewa tana kutsowa ta kowace kafa. Mu kuma mun zuba kaki mai tsananin zafi cikin gilashi mai sanyi, mun ɗora a kan siminti, mun buɗe masa taga. Da gangan muka so yi, da ba mu fi haka iyawa ba. Sauri ya haifi nawa.

Abin da muka koya a ranar, muka kuma tabbatar da shi da gwaji bayan nan, ga shi a taƙaice domin amfanin duk wanda zai shiga sana'ar. A narka kakin a ƙaramar tukunya da ke zaune cikin babbar tukunyar ruwa, kada a ɗora shi kai tsaye a wuta. Idan ya kai kimanin digiri 80 sai a sauke, a zuba turare, a juya a hankali. Kada a zuba shi a kofi sai ya sauko wajen digiri 55, ko da yake kowane samfurin kaki yana da nasa gwargwado, don haka ma'aunin zafi da littafin rubuta gwaji ba abin rainawa ba ne. A ɗumama kofunan tukuna, a rana ko a ruwan ɗumi, a kuma goge su ƙaraf, domin ruwa da kaki ba sa shiri. A jera su a kan katako, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu, a rufe taga, a kashe fanka, a kifa musu kwali su kwana. Ɗakin da ya tsaya tsakanin digiri 21 da 24 shi ya fi dacewa, shi ya sa da hunturu muka koma zubawa da hantsi, ba da dare ba. Launi mai duhu yana tona asirin furfura, farin kaki ko gwangwani maimakon gilashi yana suturta ta.

Gyara kuwa yana da iyaka. Wanda furfurarsa a sama take, sai a bi shi da na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, har saman ya narke kaɗan, sannan a rufe shi ya huce a natse. Haka muka yi wa fararen, muna rige-rige da ɗaukewar wuta, suka dawo sumul. Jajayen da abin ya kama jikin gilashi sai da muka tsoma kofunan a ruwan zafi, muka juye, muka sake zubi. Ashirin suka yi kyau. Goma suka sake fitar da furfura kafin kwana biyu, domin ɗabi'ar kakin ce, ana rage ta ne, ba a kashe ta.

A nan ne jarrabawar gaskiya ta zo. Wani mai sayar da kayan haɗi ya ba mu shawara mu zuba farafin a cikin kakin, ya ce furfura za ta ragu ƙwarai, kuma babu mai ganewa. Haɗa kaki biyu ba laifi ba ne, masu sana'a da yawa suna yi, muddin an faɗa wa mai saye. Sai dai an riga an gaya wa Hajiya cewa zallar waken suya ne, a kan haka ta yarda da farashin. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, zuciyarmu ta karkata. Muka kawo hujjoji irin na masu digiri, muka yi lissafin bashin da ke kanmu. Mai ɗakinmu ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, “Malam, abin da na faɗa wa Hajiya shi zan kai mata. In ta ƙi, Allah ya ba mu wani.”

Ta kai sittin ɗin yadda suke, ta nuna goman, ta kuma yi bayanin cewa sauran ma suna iya yin fari idan aka ajiye su a bakin taga ko inda zafi da sanyi ke musanya. Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta karɓi hamsin, ta dawo da goma, ta cire kuɗinsu. Ribar aikin kusan duk ta tafi a nan, kuma ba ta sake ba mu aiki ba. Amma biyu daga cikin ƙawayen amarya sun zo daga baya, sana'ar kuma tana nan da ranta.

Lamarin yakan tuna mana da zuma. Sau nawa muka ga mutum ya mayar da zuma don ta daskare, yana zargin an haɗa ta da sukari, alhali daskarewa halin zuma ce ta gaskiya? Idonmu ya saba da sumul ɗin kayan masana'anta har mun fara tuhumar duk abin da ya nuna asalinsa. Mu da furfura ta fara leƙowa a gemu, masu sayar da baƙin rini kuma suna yi mana tayi, bai kamata wannan darasi ya wuce mu ba.

Goman nan da aka dawo da su, a gida suka ƙare. Da aka koma karatu, jarrabawa ta taso, wuta kuma ba ta sake hali ba, a haskensu muka duba takardun ɗalibai dare da yawa. Da zarar an kunna lagwani, sai saman ya narke ya zama ja tas, kamar bai taɓa yin fari ba. Da gari ya waye kuma furfurar ta dawo wurinta. Ɗaya ya rage, yana nan a kan teburin karatunmu, mun hana yara kunna shi.