Kwalin Lemon Da Ya Zama Alabe: Tsarabar Zangon Nima

Idan kin shanye lemon kwali ko madara, ina kike kai kwalin? Na san amsar, domin ni ma bola nake aika shi, har zuwa hutun ƙarshen shekara na 2023 da muka je Ankara, babban birnin ƙasar Gana, bikin jikar gwaggona.

Ta mota muka tafi. Daga Kano muka sauka Legas, washegari muka tsallaka iyakar Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflawo. Iyaka uku a yini guda, kowace da nata jira. Sai bayan isha'i muka isa Nima, ƙafafuna sun kumbura suntum.

Wadda ba ta taɓa zuwa Nima ba, ta ɗauki Fagge ta ƙara mata cunkoso da danshin teku. Unguwa ce ta zango, Musulmi sun fi yawa, kuma duk da ƙabilu iri-iri ne, Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, sai dai da wani irin karin harshe da sai kin kasa kunne. Da safe koko da ƙosai, da hantsi wake da shinkafa. Can kusa, a unguwar Kanda, ga babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, mai kubbobi irin na Turkiyya. Akwai kuma wani ƙaton lambatu da ya ratsa tsakanin gidaje, wanda ba zan ɓoye miki ba, rana ta farko sai da na toshe hanci da gefen hijabi. Ledar fiya wata, robobi da kwalayen lemo sun cika shi.

Kwana biyu da zuwanmu na ga Gwaggo ta zauna a bakin ɗaki, gabanta tarin kwalaye ta shanya a igiya kamar wanki. Na ce, “Gwaggo, shara kuma kike tarawa ana shirin biki?” Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Malama guda, da karatunki har kwaleji, ba ki san kuɗi ba idan kin gan shi?” Ta janyo wata roba ta buɗe. Ƙananan alabe ne a jere, kowanne an bi bakinsa da ƙyallen atamfa, ga maɓalli, ga aljihu biyu a ciki. Sai da na buɗe ɗaya na ga ƙyallin azurfa a cikinsa sannan na yarda kwalin lemo ne.

Gwaggo ta haura sittin, mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta hana ta tallan abincin da ta saba. Jikarta ce ta koyo wannan aiki a makaranta ta nuna mata. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, ita ma ba ta ce shi ne ba. Amma ta ce daga shi take sayen maganin gwiwa da goronta ba tare da ta jira ’ya’ya sun aiko ba, kuma na ga yadda ta faɗi maganar tana gyara zama.

Ga yadda na ga tana yi, kuma na zauna na yi da hannuna har sau uku. Kwali mai cin lita ɗaya ya fi kyau, irin na Five Alive, Chivita ko Hollandia da muke da su a nan. Za ki ɓalle kunnuwansa huɗu ki danne shi ya baje, ki yanke sama da ƙasa da almakashi. Sai wanki da ruwan ɗumi da omo, a shanya a inuwa yini guda cur. Idan ya bushe sai ki tura gefunansa biyu ciki su yi tattara, ki auna tsawonsa gida uku. A kason sama ki yanke gaba da gefuna ki bar baya kaɗai, shi ne marfi. Kason ƙasa ki naɗo shi ya haɗu da na tsakiya, ki ɗinke bangon da suka haɗu da zare mai ƙwari, sai ga aljihu biyu. Ragowar atamfa kuwa ko a wurin telan unguwa za ki samu. Gwaggo takan sa maɓalli a gaba da ’yar roba a marfi, ta ce ya fi jure buɗewa da rufewa. Ƙananan kwalaye irin na Kalyppo, lemon da yaran Gana ke so, tana yin na zuba tsaba da su.

Abin da ya sa alaben ba ya jiƙewa shi ne yadda aka ƙera kwalin tun asali. Kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1951, shi ya yaɗa irinsa a duniya. Kusan kashi uku cikin huɗu takarda ce mai kauri, sai shimfiɗar leda ciki da waje, sai wani siririn alminiyam da ke tare iska da haske, abin da ya sa madara ke yin watanni a kanti babu firiji. To wannan haɗin da ya kare madarar, shi ne kuma ya sa kwalin ba ya ruɓewa da wuri, sannan raba shi sai da injin da zai jiƙa shi ya ware takardar daban. Shi ya sa ’yan jari-bola ke ɗaukar gwangwani da roba su tsallake shi.

Mutanen Ankara sun san illar toshewar magudana fiye da yadda baki zai faɗa. Ranar 3 ga Yuni 2015 ruwa ya mamaye birnin, jama’a suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man da ya malalo kan ruwa ya kama wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Sharar da ta cushe magudanan ruwa na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Da muka wuce wurin a motar haya da suke kira tirotiro, matar da ke kusa da ni ta nuna mini da yatsa, ba ta ce komai ba. A birnin ne kuma wani Bature ɗan Ingila, Stuart Gold, ya kafa Trashy Bags a 2007, inda aka riƙa wanke ledar fiya wata ana ɗinka jakunkuna da ita.

Ba zan yaudare ki ba, alaben Gwaggo ba zai yashe lambatun Nima ba, ko da kowace mace a unguwar ta zauna ɗinki. Wannan aikin hukuma ne. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Jikokinta ba sa jefar da kwali. Ko a wurin biki na ga ƙaramar cikinsu, ’yar shekara shida, tana bin teburi tana tsincewa, tana kai wa kakarta, babu wanda ya sa ta.

Da na dawo Kano na gwada da ’yan ajina na Islamiyya, ’yan mata ashirin da biyu, ranar wata Alhamis da babu karatu. Dama kullum cikin ƙorafin iyaye nake, an ba yarinya kuɗin Laraba ta ɗaure a bakin hijabi ya faɗi a hanya. Kuskurena shi ne gaggawa. Na bar su suka ɗinke kwalayen madara da ɗan danshi a ciki, bayan kwana uku kuwa aji ya ɗauki tsami, tara daga ciki sai da muka zubar. Wata uwa har ta aiko a tambaye ni ko shara na koma koyarwa. Na ba ’yar aiken ɗaya daga cikin na Gwaggo ta kai mata. Mako na zagayowa ta aiko da kwalaye bakwai, wankakku, da saƙon a yi mata biyu, ɗaya na cefane ɗaya na adashi.

Nawa yana nan a jakata shekara biyu ke nan. Kusurwa ɗaya ta fara ɗayewa, na bi ta da zare.