Kwana uku a majema

A ƙarshen watan Maris na bara, lokacin da zafin Damagaram ya fara kankama, ɗalibai huɗu suka yi sallama a zauren mai unguwarmu da hantsin wata Laraba. Maza uku ne da mace ɗaya, kuma ita macen ce mai ba da umarni. Daga Yamai suka taso, sun kwana a gidan wani ɗan'uwansu bayan sun yini cur a cikin bas, domin tsakanin garuruwan biyu akwai kusan kilomita 900. Buƙatarsu ita ce su ɗauki gajeren fim na minti 12 a kan aikin jima, wanda da shi za a auna karatunsu na shekara. Kyamara da na'urar ɗaukar sauti da ke hannunsu aron makaranta ne, kuma tilas su maida su ranar Litinin, saboda wani rukunin ɗalibai na jiran kayan. In aka cire kwanakin hanya, Laraba da Alhamis da Juma'a kaɗai suka rage musu.

Gaskiya ta wajaba a kanmu tun daga farko. Sun aiko takarda mako uku kafin zuwansu. Ta zo da Faransanci, mu kuwa allo da littattafan zaure muka yi, bokonmu bai wuce na rubuta sunaye da lissafin haraji ba. Muka sa ta a jaka da niyyar nemo mai karanta mana, hidimomi suka sha kanmu, muka manta. Saboda haka ranar da suka iso babu wanda ya san da zuwansu, har shi dattijon majema da suka zo dominsa. Su ma sun ɗauka takarda mai hatimi ta isa ta buɗe kowace ƙofa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma mu da su duka mun sha ladar wannan magana.

Yarinyar ta fito da jadawali, an raba kowace rana sa'a-sa'a: ƙarfe 7 ɗaukar wanke fata, ƙarfe 9 hira, ƙarfe 11 hoton unguwa daga kan tudu. Muka duba muka ga babu gurbin gaisuwa a ciki, babu na salla, babu na abin da Allah zai kawo. Maigida ya sa aka kawo musu ruwa da fura, ya tambayi iyayensu da garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi abin da za a yi da hoton da kuma waɗanda za su gan shi. Muna lura da mai riƙe da kyamara yana satar kallon agogo. Daga nan aka aike mu majema mu yi musu iso. Dattijon ya ce sai ya shawarci abokan sana'arsa, domin wurin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba sa son a nuna su cikin tsumma da ƙazantar aiki, alhali suna da surukai a gari. Kafin a daidaita, an kira azahar. Rabin rana ya tafi ba a ɗauki ko ƙiftawar ido ba.

A hanyar komawa yarinyar ta ce mana, murya na rawa: «Baba, kashi ɗaya cikin shida na lokacinmu ya salwanta.» Muka ce: «Ƴata, da kun shiga da kyamara a kafaɗa tun da safe, da yanzu kuna tasha kuna neman motar komawa.»

A wannan yini muka fahimci cewa mai ɗaukar hoto bawan rana ne. A ƙasarmu, daga hantsi ya ɗaga zuwa bayan azahar, rana tana tsakar ka, tana jefa inuwa a cikin idanun mutum, farar riga ta ƙone a hoto, baƙar fuska ta nutse. Hasken da suke nema yana samuwa ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma daga la'asar zuwa gab da magariba. Wato a kwana ukun da suke ƙirgawa, sa'o'in kirki ba su fi goma sha biyu ba. Sauti kuma nasa ya fi ciwo. Kunnenmu ya saba da unguwa har ba ma jin ta, amma da yaron ya ɗora mana abin sauraro a kunne, sai muka ji injin niƙa daga bayan katanga, da ƴan kabu-kabu, da awaki, da almajirai, da iskar da ke kaɗa bakin na'urar. Sau biyar ana fara magana ana tsayawa. Mu da kanmu muka je muka roƙi mai injin ya ba mu rabin sa'a, muka tsaya a bakin lungu muna lallashin yara. Da dare wuta ta ɗauke, batir biyu kaɗai gare su, sai da muka kai su wurin wani mai cajin waya da ke da faifan hasken rana da batirin ajiya, suka zauna gadin kayansu har tsakar dare.

Duk waɗannan wahalhalu ne da kuɗi ko dabara kan rage su. Babbar matsalar ta fito ranar Alhamis da safe. A rubuce, labarin nasu zai bi fatar akuya guda ɗaya tun daga hannun mahauci har ta zama jar fata a hannun baduku. Dattijon ya saurare su, ya yi murmushi. Fata sai an jiƙa ta, an tsoma ta a ruwan toka ta kwana har gashi ya saki, an kankare ta a kan gungume, an wanke ta, sannan ta shiga ruwan bagaruwa ta sha sannu a hankali, a fitar, a shafa mai, a shanya, a murza, kafin a zo ga rini da karan dafi. Kowane mataki da kwanakinsa, kuma gaba ɗaya sun zarce abin da ɗaliban ke da shi nesa ba kusa ba.

Mai kyamara ya kawo shawara: a tsamo fata ɗaya daga cikin bagaruwa, Baba ya yi kamar ta nuna, a ɗauka, a wuce. Dattijon ya dube shi ya ce: «Yaro, fatar nan amanar wani ce. In na tsamo ta ɗanye ta lalace, kai kana Yamai, ni ne zan haɗa ido da mai ita. Kuma duk majemin da ya ga hoton zai gane ba ta nuna ba, ya ce tsufa ya ci ni.» Wurin ya yi tsit. Yaron ba mugu ba ne, lokaci ne ya matse shi, kuma mun ga yadda ƙurewar lokaci ke sa mutumin kirki ya fara ganin ƙaramar ƙarya kamar ba komai ba. A fim ɗin ƙagaggen labari, kwaikwayo shi ne aikin. Amma su sun zo ne da sunan nuna gaskiyar sana'a, kuma mutuncin da za a taɓa na mutum ne mai rai, wanda zai ci gaba da zama a unguwar bayan sun tafi.

Shi dattijon ne ya kawo mafita. A majema kullum akwai fatu a kowane mataki, wasu a toka, wasu a bagaruwa, wasu a shanya. Ya ce su ɗauki kowanne a inda yake, bisa sharaɗin su faɗa a cikin fim ɗin cewa fatu ne daban-daban, su kuma faɗi kwanakin da kowane mataki ke ci. Yarinyar ta zauna a gindin katanga ta soke rabin abin da ta rubuta. A sa'o'i biyu suka ɗauki abin da bai samu ba jiya duka, domin yanzu majeman da kansu ke kiran su: zo ki ga wannan, tsaya ta nan za ki fi gani. Gaisuwar da suka ɗauka asara ita ce ta dawo musu da riba.

An ajiye doguwar hira da rinin karan dafi zuwa la'asar. Da azahar aka yi rasuwa a unguwa, wata tsohuwa maƙwabciyar dattijon. Majema ta watse, kowa ya tafi jana'iza, hasken la'asar ɗin da suka ƙwallafa rai a kansa ya faɗa a maƙabarta. Mun yaba musu abu ɗaya: sun kulle kayansu a zaure, mazan suka bi gawa, ita kuma ta shiga cikin gida wurin mata ta yi ta'aziyya. Babu wanda ya umarce su.

Juma'a da safe dattijon ya fito cikin farar babbar riga da rawani, ya ce yau ba ranar taɓa fata ba ce a gare shi, ga makoki ga masallaci, amma zai ba su rabin sa'a. Mai kyamara ya riƙe kai, domin duk abin da aka ɗauka jiya cikin tsohuwar taguwa yake, kuma a ƙa'idar aikinsu tufafi su dace daga fitowa zuwa fitowa. Yarinyar ta ce a bar shi yadda yake, da wannan za ta rufe fim ɗin. Ya zauna a kan buzu ya yi magana a kan mahaifinsa da ya koya masa aikin, da yadda roba da ledar kanti suka janye masu saye, da ƴaƴansa da suka zaɓi kabu-kabu da haƙar zinariya a Jado. Bai yi kuka da kowa ba. Asabar da asuba suka hau mota.

Bayan wata biyu suka turo fim ɗin a waya, muka kalla a zaure. Ya yi kyau, an ji muryar Baba tas, an cika alkawarin da aka yi masa. Amma babu rinin karan dafi a ciki, wato matakin da ya sa jar fatar ƙasar Hausa ta yi suna har bayan hamada. Idon dattijon ya yi rauni tun daga damina, ya bar zuwa majema. Da takardar nan ba ta kwana a jakarmu ba, da safiyar Larabar ta ishe su. Wannan yana damun mu har yau.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mustafa Alasan ya zana hotunan fina-finansa na zane da hannu ɗaya bayan ɗaya tun a shekarun 1960. Umaru Ganda ne ya fara karɓar babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Sani Magori, a fim ɗinsa na 2008 kan albasar Galmi, ya bi manomi da gonarsa har girbi, ya jira albasa ta ƙosa. A'isha Maki, ƴar garin nan, ta fitar da fim a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara, kuma duk wanda ya kalle shi ya san irin wannan sakin jiki a gaban kyamara sai an daɗe tare ake samun sa. Mun san ɗalibi ba shi da wannan sarari. Kyamara kaɗan ce, ɗalibai da yawa, kuɗin mota da na abinci daga aljihun iyaye suke fitowa, kuma koyon aiki cikin matsi shi ma darasi ne.

Shawararmu ga malamansu ita ce a ware wa ɗalibi kwana biyu na zuwa hannu rabbana kafin a danƙa masa kyamara, ya gaida mutane, ya ga inda rana ke faɗawa, ya ji ƙarar wurin, ya tambayi kwanakin da sana'ar ke ci. Wannan ba ya tsare kayan makaranta ko na sa'a ɗaya. Ga ɗalibai kuma, ku auna labarinku da kwanakinku tun kuna gida. Wanda ke da kwana uku ya zaɓi mataki ɗaya ya cika shi, ya bar wa jana'iza da ɗaukewar wuta gurbi a jadawali, kuma abin da ya fi muhimmanci ya fara ɗaukar sa, domin sauri kan haifi nawa. Mu kuma da ke riƙe da jakar dattawa, mun ɗauki namu darasin: duk takardar da ta shigo zaure, ba ta kwana sai an karanta ta.

Yarinyar ta kira mu kwanan baya, ta ce tana son dawowa a hutu don rinin, ko da wayarta ce. Mun je mun shaida wa Baba. Ya ce akwai wani almajirinsa da hannunsa ya faɗa, shi zai zauna a gefe yana faɗa masa. Allah ya kai mu, ya ƙara wa dattijon lafiya, ya sa wa karatun yaran nan albarka.