Fakarar ƙanƙara

Akwai wata tsuntsuwa a ƙasar Faransa wadda mutum kan yi tafiyar yini guda don ya gan ta, ya komo gida bai gan ta ba, alhali kuwa ya wuce ta da taki biyar. Faransawa suna ce mata lagopède, kalma ce daga Girkanci mai nufin ƙafar zomo, saboda gashi ya rufe ƙafafunta har yatsu. Ni dai fakarar ƙanƙara nake ce mata, don girmanta da tafiyarta ba su yi nisa da na fakararmu ta bakin gona ba. Nauyinta wajen rabin kilo ne.

Mazauninta can bisa duwatsun Alp, daga wajen metir 2000 zuwa 3000, inda itace ya daina tsirowa, sai tsakuwa da guntun haki da iska. Sau uku take sake gashi a shekara. Lokacin zafi tana da ɗigo-ɗigo kamar dutsen da take kwance a kai, da kaka ta ƙara yin toka-toka, in hunturu ya kama sai ta koma fara fat, ban da baƙin gashin wutsiya. Namijin yana da baƙin zane daga baki zuwa ido, sai ka ce ya sha tozali, da ɗan jan nama bisa gira. Daren da sanyi ya tsananta, rami take haƙawa cikin ƙanƙarar ta shige, domin ciki ya fi waje ɗumi.

Sau ɗaya tak na gan ta, cikin watan Yuni, a gandun Vanoise, wanda aka kafa a 1963, shi ne na farko cikin gandayen ƙasa na Faransa. Horon aikin jarida ya kai ni ƙasar, wani abokin aiki ya ja ni dutse. Ƙarfe uku na dare muka tashi, don da asuba namijin ya fi yin kuka, kukan kuma babu daɗi, kamar ana jan tsohon ƙyaure. Ga ɗan Maradi, numfashi sama-sama, yatsu sun sandare, madubin hangen nesa ya ƙi tsayawa a hannu. Mun daɗe zaune. Can abokina ya taɓa ni, ya nuna mini wani dutse. Na duba, dutse ne. Sai dutsen ya ƙyafta ido.

Duk dabararta ke nan: kada a gan ta. Ba ta saurin tashi, lafewa take yi. To amma tsawon yini ne ke gaya wa jikinta lokacin sake gashi, ba saukar ƙanƙara ba. Zafin duwatsun Alp ya ƙaru da kusan digiri 2 tun daga ƙarshen ƙarni na 19, ƙanƙara kan makara. Sai ga tsuntsuwa fara tas bisa baƙin dutse cikin watan Nuwamba, mikiya tana shawagi sama. Manomin da ya yi shuka a ruwan farko, sama ta ɗauke, ya san irin wannan cin amana. Tana ƙara hawa neman sanyi, ga shi kuwa ta kusa ƙure dutsen.

Ɗan Adam ma bai bar ta ta huta ba. Masu wasan zamiya kan tashe ta daga raminta, kowane tashi kuma yana cin ƙarfin da take tattali don ta ga bayan hunturu. Shekara da shekaru wasu jihohin Faransa sun yi ta ba maharba izinin harbinta da kaka, ƙungiyoyin kare tsuntsaye kuma sun sha kai ƙara kotu. A ganina su ne da gaskiya. Naman da bai cika tukunya ba bai kai a bi shi har metir 2500 da bindiga ba.